Littattafan da Badamasi Ya Ɓoye

Malam Badamasi shi ke riƙe da laburaren wata sakandare a Batsari. A shekarun nan da 'yan bindiga suka hana noma, in aka ce wane infoma ne, sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa. Shi kuwa uwarsa Bafulatana ce daga wajen Runka, kowa ya sani.

Sai aka aiko kwalayen littattafai kyauta daga Katsina. Na ƙarshen Fulatanci ne zalla, na koyon karatu da na cututtukan shanu. Ya buga musu hatimin makaranta, ya zo jerawa, sai hannunsa ya tsaya. Babu wanda ya hana shi fa. Akwai ma 'ya'yan makiyaya a makarantar da za su so su. Amma ya riga ya jiyo abin da za a ce a gari: ɗan Bafulatana ya cika makaranta da Fulatanci, su wa yake yi wa aiki?

Ya zuba su a buhun taki, ya ɗaure a bayan mashin sai gida.

"Ki riƙa hura wuta da su," ya ce wa matarsa Bilkisu.

Ita kuwa ta ga ƙona takarda mai kyau a wannan tsadar asara ce. Ta kai wa Kulu mai ƙosai, ta karɓo na karin kumallo. Ranar kasuwa, duk wanda ya sayi ƙosai ya tafi da shafi guda.

Washegari Armaya'u, babban 'yan sa-kai na unguwar, ya shigo laburare da bindiga a kafaɗa. Ya ajiye takarda mai maiƙo a kan tebur, ga hoton saniya, ga hatimi.

"Malam, barka da aiki. Ashe har da ƙosai kuke koyarwa?"

Badamasi ya so ya yi dariya, bakinsa ya ƙi.

"Yallaɓai, maganin shanu ne kawai, wallahi."

"To me ya hana ka jera su? Da a kanta na gan su, da littafi ne. Amma abin da aka fitar a buhu, aka kai gida? Me ke ciki da ba ka so mu gani?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron wa? Mai gaskiya?"

Armaya'u ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Rufe ɗakin. Ka yi bayani a gaban sauran."

Badamasi ya ɗauki kwaɗo, ya kasa datse shi. Armaya'u ne ya karɓa ya datse.