Auta da Kofin Baba Sikeli

A kamfanin da ake yin maganin ciwon kai, kowa Baba Sikeli yake ce masa, domin mutum ne da ko gishiri zai zuba a abinci sai ransa ya so ya auna. Ɗakin gwajinsa yana can ƙarshen baranda, fararen tayil ko'ina, da tsohon injin sanyi mai tari duk yini. Duk sinadarin da ya shigo kamfanin sai an ɗebo masa kaɗan ya gwada kafin a zuba a ƙwaya. Cikinsu duka, wanda ya fi sabo da shi shi ne kafeyin, abin nan na cikin shayi da kofi mai kore barci.

Idan tsautsayi ya sa ka tambaye shi game da kafeyin, to nemi kujera, don ka tsokano lacca. Zai gaya maka farin gari ne, ba wari ba ƙamshi, sai ɗaci mai tsayawa a maƙogwaro. A ruwan sanyi da kyar yake narkewa, a ruwan zafi kuwa kafin ka juya cokali ya ɓace. In aka ɗumama shi a hankali sai ya tashi kamar hayaƙi, ya je ya sake zama a jikin gilashi siriri-siriri kamar allurai.

"Ba ƙarfi yake ba ka ba," haka yake faɗa wa sababbin ma'aikata. "Toshe wa jiki kunne yake yi don kada ya ji gajiya, ya sa zuciya gudu. Itacen da ke yin sa ma, don ya kashe ƙwarin da ke cin ganyensa yake yi. Guba ce. Girman jikinmu ne kawai ke cetonmu."

Ya faɗi wannan magana sau ba adadi, har yaran ɗakin suna ƙarasa masa ita.

A gida kuwa ba wanda zai yi wa lacca. Matarsa ta rasu bara. 'Yarsu tilo tana aure a wani gari mai nisa, sai dai waya. Abin da ya rage masa a ɗakuna biyun nan na saman bene shi ne kujerarta da bai matsar ba, da mayafinta a bayan ƙofa, da aku. Aku ne mai ruwan toka da jar wutsiya, ita ta rene shi tun yana tsirara ba gashi, ta sa masa suna Auta, wai shi ne ɗan da Allah ya ba ta a ƙarshe.

Auta ya kwashe muryarta kaf, har da 'yar shaƙewar da take yi in za ta yi dariya. Shekara da shekaru, in Baba Sikeli ya turo ƙofa da yamma sai ta ce daga kicin, "Ka dawo?" Shi kuma ya ce, "A'a, ina can." Sai ta yi dariya kamar ranar ta fara jin zancen. Yanzu Auta ne ke yin tambayar, ya jira amsa, sannan ya yi dariyar. Saboda wannan kaɗai tsohon yake sauri in an tashi aiki. Ba hoto mai motsi, ba saƙon murya, domin matar ba ta yarda da waya ba. Muryarta duk duniya a maƙogwaron tsuntsun nan kawai ta saura.

"Baba, don Allah ka ɗauki muryar nan a waya," in ji 'yarsa duk lokacin da ta kira.

"Gaggawar me kike yi? Aku yana daɗewa fiye da mutum. Shi zai binne ni."

Abin takaicin shi ne Auta ba ya ƙaunarsa. Murya dai ya ba shi, amma in ya miƙa hannu sai cizo. A da, kowace safiya tsuntsun yakan sauko kan tebur, matar ta tsoma burodi a kofinta ta ba shi a baki, suna ta hira kamar tsofaffin ƙawaye. Tun da ta rasu bai sake saukowa ba. Baba Sikeli yakan bar kejin a buɗe, ya zauna da nasa kofin, ya yi kamar bai damu ba. Ya damu ƙwarai.

Kuma tun rasuwar barcinsa ya lalace, sai ya yini yana gyangyaɗi a gaban na'ura. A irin ɗakunan gwajinsu akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani ba mai faɗa: ragowar garin da aka gwada, maimakon a zubar, wasu sukan ɗan barbaɗa a shayi in rana ta yi nauyi. Shi da ya fi kowa faɗa a kan haka, shi ne ya fara zuwa gida da 'yar kwalba a aljihu. Ba ya zubawa da ka. Aunawa yake yi a ƙaramin sikelinsa, daidai da nauyinsa, daidai da shekarunsa, har yana jin daɗin cewa shi dai ba sakarai ba ne.

Wata safiyar hutu ya haɗa shayinsa baƙi ƙirin, ya auna garin ya zuba, ya cika sukari don ya danne ɗacin. Yana zaune sai ya ji fir. Auta ne a kan tebur. Ya tako a karkace, ya tsaya a gefen kofin, ya karkata kai yana kallonsa da ido ɗaya.

Tsohon ya ƙi ko numfashi mai ƙarfi. A hankali ya gutsuri burodi, ya tsoma, ya miƙa. Auta ya karɓa, bai cije shi ba. Farin cikin da ya kama Baba Sikeli bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da aka fita da gawar matarsa. Ya sake tsomawa, ya sake, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe za ka huce? Ci, ɗan gidan Umma, ci abinka."

Har ya bar shi ya tsoma baki a kofin da kansa.

Hantsi bai gama yi ba tsuntsun ya fara kai-komo a kan sandarsa, ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Sai amai. Sai fukafukai suka saki, jiki ya ɗauki rawa. Da ya faɗo ƙasan keji Baba Sikeli ya ɗauke shi, ya ji ƙirjin yana bugawa a tafin hannunsa da saurin da ba ya ƙirguwa. A lokacin ne ya ji sauran ɗacin shayin a bayan harshensa, sai maganar da yake faɗa wa yara ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa ta ƙarshe. Ya fizgo mayafin bayan ƙofa ya naɗe tsuntsun, ya sauka bene da silifas ɗin wanka.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin taya, yana warin maganin wanke ƙasa. Likitar, wata mace mai tabarau, ta karɓi Auta ta ɗora shi a kan sikeli kafin komai. Baba Sikeli ya kalli allurar sikelin. Ko rabin kilo bai kai ba. Shi da ya auna duk abin da ya ratsa hannunsa a duniya, bai taɓa auna wannan ba.

"Baba, me ya ci?" in ji likitar.

Ya gaya mata, bai rage komai ba.

Ta ɗago ta dube shi. "Ko shayin kawai ba a ba tsuntsu, balle an ƙara masa. Jikinsu ba ya iya fitar da shi kamar namu."

"Amma uwarsa kullum daga kofinta take ba shi."

"To, ban san me ke kofinta ba. Abin nan ba shi da makari, Baba, ina jin kun fi ni sani. Zan ɗura masa gawayi ya tsotse abin da bai shiga jini ba, in yi masa allura saboda fizgar. Sauran sai abin da Allah ya yi."

Ya fita baranda ya kira 'yarsa, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ummanki me take sha da safe?"

"Madara da ruwan zafi mana. Ai tun ina makaranta likita ya hana ta shayi saboda hawan jini. Baba, lafiya? Ba ka sani ba ne?"

Ya sani. An taɓa gaya masa, ya ce to, ya ci gaba da karanta jaridarsa. Duk shekarun nan suna zaune tebur ɗaya, bai taɓa leƙa cikin kofin matarsa ba. Ya kashe wayar.

Da ya koma ciki an sa Auta a wani akwatin gilashi mai ɗumi, yana kwance a gefe ɗaya kan mayafin. Baba Sikeli ya ja kujera, ya lalubo wurin ɗaukar murya a wayarsa, sai da likitar ta nuna masa inda ake dannawa. Ya kara wayar a bakin akwatin.

"Auta," ya ce. "Na dawo fa. Tambaye ni. Sau ɗaya kawai."

Tsuntsun ya buɗe ido ya rufe. Tsohon ya tashi ya je ya buɗe ƙofar ɗakin ya rufe, ko ƙarar za ta tuna masa. Ya sake yi. Wani mutum da ya kawo kyanwa ya bi shi da kallo, likitar ta girgiza masa kai alamar ya ƙyale shi. Haka aka yini, waya na ɗauka, ba abin da ke shiga sai numfashi da ƙarar fanka. Rana ta karkata kenan fizgar ta dawo, kuma wannan karon ba ta sake shi ba.

Likitar ta naɗe shi a mayafin ta miƙo da hannu biyu. "Sai haƙuri, Baba."

Da ƙafa ya koma gida, bai ji nisan ba. Masu shaguna suna ta shigar da kaya, maƙwabciyarsa ta gaishe shi a gindin bene ya amsa da ka. Ya hau a hankali, ƙunshin a ƙirjinsa ba nauyi ko kaɗan. Ya sa makulli, ya tura ƙofa. Kofin yana nan kan tebur, da ɓarɓashin burodi a gefensa, kejin a buɗe.

Ya tsaya a bakin ƙofar daidai tsawon lokacin da ya saba tsayawa. Sannan ya ce, "A'a, ina can."

Ba wanda ya yi dariya. Ya shiga ya rufe ƙofar.