Kabarin da Ya Kalli Yamma

Duk unguwar Koki an san Malam Gidaɗo da abu biyu: sanin shanu da saurin fushi. Kakanninsa ne suka yi kiwo, shi dillanci kawai yake yi a kara, kasuwar shanu, amma ko daga nesa ya hango saniya zai gaya maka haihuwa nawa ta yi. Fushin kuwa, ƙuda ya sauka masa a hanci ma sai maƙwabta sun ji labari.

Shekarar da aka yi ta kwasar samari zuwa yaƙin ƙasar Bama, a zamanin Turawa, ɗansa Musbahu ya shiga soja ba da son uban ba. Da labarin rasuwarsa ya iso, Gidaɗo ya karɓi gaisuwa ido a bushe, har mutane suna yaba dauriyarsa. Ba su san abin da yake cin sa a rai ba. Mutuwa dai ya yarda da ita, ta kowa ce. Amma wa ya yi wa yaron sutura a wannan daji? An kwantar da shi fuska na kallon alƙibla, ko kuwa an tura shi rami ne kamar mushe?

Bayan an gama yaƙi, wata rana da hantsi sai ga Lawal, abokin Musbahu ɗan unguwar Dala, ya yi sallama a zaure yana ɗingishi. Tare suka tafi, shi kaɗai ya dawo. Ko gaisuwa Gidaɗo bai bari sun ƙarasa ba.

"Kai ka binne shi?"

"Da hannuna, Baba. Ni da mutum uku, duk Musulmi. Sajenmu kuma yana tsaye."

"Nasara?"

"Bature ne, amma ba ɗan Ingila ba. Ƙasarsu Ostareliya, ita ma a hannun Sarkin Ingila take kamar mu, shi ma kwaso shi aka yi. Ubansa makiyayi ne, shi ya sa muke ce masa Saje Mai-tumaki. Ya iya Hausa. Da kun ga yadda suke zama shi da Musbahu suna gardamar maganin kaska..."

"Ban tambaye ka kaska ba. Ina fuskarsa ta kalla?"

Lawal ya sunkuyar da kai. "Da farko gabas muka sa shi, yadda hannu ya saba a gida. Sai Saje ya ce a juya shi yamma."

Gidaɗo ya miƙe har rawaninsa na warwarewa. Yamma! Kafiri ya sa an juya ɗansa ya ba wa ɗakin Allah baya, ƙatti huɗu kuma suna kallo! Lawal ya yi ƙoƙarin cewa ai limamin bataliya ma ya taɓa yi musu bayani tun a jirgin ruwa, amma ina. Limamin da yake cin albashin Nasara? Gidaɗo ya nuna masa ƙofa, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan, ko mai lafiyar ko gurguwar.

Daga ranar ya daina fita kara. Abinci ya koma yadda aka kawo shi. Baƙin cikin da ya ɓoye tun zaman makoki ya fito fili, ya rame, har ya fara magana shi kaɗai.

Matarsa 'Yardada ce ta aika aka kira Alhaji Nata'ala, tsohon maƙwabcinsu wanda ya je Makka a ƙafa tun yana saurayi, kuma shi kaɗai ne Gidaɗo ba ya iya yi wa tsawa. Alhaji ya zo, ya ji ƙarar duka. Sai ya sa aka kawo ƙwaryar fura, ya ajiye ta a tsakiyar zaure, ya zauna ta wancan gefen.

"Matso mu sha."

"Ba na sha."

"To kar ka sha, zauna dai. Ina ka fuskanta yanzu?"

"Gabas mana."

"Ni fa?"

Gidaɗo ya dube shi a fusace. "Yamma. Alhaji, wasa ka zo yi da ni?"

"Amma ƙwarya ɗaya muke kallo, ko?" Alhaji ya ɗaga ludayi ya kurɓa. "Ranar da na shiga Harami na ga sahu ya zagaye Ka'aba, wasu suna fuskantata ido da ido, sai da gabana ya faɗi. Mutanen Hindu da na ƙasashen bayansu, tun daga gidajensu yamma suke kallo. Yaronka ya wuce Makka, Gidaɗo. Ya wuce ta da nisa. Da an bar shi yadda suka fara sa shi, da ƙeya ya ba ta."

Gidaɗo ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tashi ko takalmi bai tsaya nema ba sai da 'Yardada ta miƙo masa, ya kama hanyar Dala, rana tana tsaka.

Ya tarar da Lawal a ƙofar gidansu ya miƙe ƙafar nan a kan tabarma. Gidaɗo, mutumin da bai taɓa ba wa yaro haƙuri ba, ya durƙusa a gefen tabarmar ya ce, "Ƙarasa mini."

"Baba, a ranar an ba mu umarnin ja da baya, Japan sun taso mu. Har mun fara mayar da ƙasa Saje ya duba rana, ya duba ɗan agogonsa mai nuna hanya, ya ce ba haka ba ne. Muka tuna da bayanin liman, muka ce gaskiya ne, amma babu lokaci. Ya ce akwai. Ya ce shi ba zai taɓa gawar ba, aikinmu ne, amma zai saya mana lokacin. Ya ɗauki babbar bindiga ya hau tudu shi kaɗai. Muna ji yana harbi muka tono, muka juya Musbahu, muka yi masa salla, muka rufe. Ba mu yi gaggawa ba, don ya hana mu."

"Shi fa?"

"A kafaɗa muka sauko da shi. Bai kai bakin kogi ba."

Gidaɗo ya tambayi sunan mutumin na gaskiya, Lawal ya gwada sau biyu harshensa ya ƙi, suka haƙura da Mai-tumaki.

"Uban nasa yana da rai?"

"Ya ce yana nan, tsoho ne, da garkensa."

"To shi wa zai je ya gaya masa ina aka sa fuskar nasa ɗan?"

Sai aka kira azahar a masallacin unguwa. Gidaɗo ya ari buta ya yi alwala, ya shiga sahu ya kalli gabas kamar kullum. Liman ya yi kabbara, shi ma ya ɗaga hannu, sai abin ya faɗo masa a rai: yana kallon gabas, Musbahu yana kallon yamma, ashe fuska da fuska suke, ɗakin Allah a tsakaninsu. Kukan da bai yi a zaman makoki ba, a nan ya yi shi, a sahun mutanen da ba su ma san shi ba.