Mutum Arba'in da Ɗaya a Layin Dukawa

Shekara uku na yi ina kai Kum Radivoye asibiti ta doguwar hanya. Daga ƙauyen da ya koma zuwa asibitin ido a Novi Sad, in ka ratsa ta tsakiyar gari, tafiyar minti ashirin da biyar ce. Ni kuwa sai in haye gadar da ke can ƙarshen gari, in zagaya ta bayan masana'antu, mu share kusan awa guda muna shaƙar hayaƙin manyan motoci.

"Kum," in ji shi kowane wata, "wai har yanzu ba su gama gyaran titin nan ba?"

"Ina fa, Kum. Ka san halin 'yan kwangila."

"Ɓarayi," sai ya ce, ya gyara zama. Ni ma in ce ɓarayi.

Ba wani gyara da ake yi. Gajeriyar hanyar ta bakin Layin Dukawa take wucewa, inda shagonsa yake a da, shi ya sa nake gudunta.

Sunana Vukashin, dillalin shaguna da ofisoshi ne ni. Kum Radivoye baduku ne, shekara arba'in da shida yana ɗinka jaka da ɗamara a shagon da ya gada. Shi ya riƙe ni ranar baftismata, shi ya raɗa min suna, shi ya tsaya a bayana ranar da na auri Smilya. Ubansa ya yi wa ubana haka, kakansa ya yi wa kakana. A wurinmu wannan ya fi jini. Ɗan'uwanka kana iya kai shi kotu a kan katanga, kum kuwa ko murya ba ka ɗaga masa. Shi kum ɗina ne, ni ma kum ɗinsa ne, kuma da wannan sunan muke kiran juna tun ina rarrafe. Tsofaffi kan ce Allah a sama, kum a ƙasa. Na haddace maganar tun ban san haruffa ba, ba ta kuma hana ni komai ba.

A shekarar annoba, lokacin da kowa ke wanke hannu yana jiran mutuwa, wani kamfani daga babban birni ya neme ni. Shaguna shida jere suke so a Layin Dukawa, su fasa bangon da ke tsakani. Biyar sun samu, don masu su tsoro ya riga ya yi musu ciniki. Na shida shi ne a tsakiya, kuma na Kum ne. Mutanen sun nuna min lissafinsu ƙarara: shekara biyu, in ta yi tsawo uku, jama'a za su dawo titi kamar an buɗe wa tumaki garke. Na gani da idona, na kuma yarda.

A sana'armu darajar shago ƙafa ce, wato mutum nawa ke wucewa ta ƙofarsa a wuni. Muna da wani ɗan ƙarfe da ake riƙewa a tafin hannu, duk wanda ya gifta ka latsa. Na ɗauki nawa, na zauna a gaban shagon Kum daga takwas na safe zuwa takwas na yamma. Ranar da na zaɓa Lahadi ce, a tsakiyar dokar kulle, ranar da ba mai fita sai da takardar izini. Mutum arba'in da ɗaya suka wuce, rabinsu 'yan sanda, sauran masu fito da karnuka. Na rubuta adadin a takarda mai hatimi. Kwanan wata ne kawai ban sa ba.

A lokacin an hana duk wanda ya haura sittin da biyar leƙa waje, don haka Kum bai ga layin ba tun farkon kullen. Na same shi a gida, na zauna nesa da shi da takunkumi a fuska. Takunkumin ya yi min rana.

"Arba'in da ɗaya?" ya ce, yana matso da takardar kusa da hanci. "A layin da ba ka iya tofar da yawu ba ka sami takalmin wani ba?"

"Kowa ya koma sayayya ta waya, Kum. Ko an buɗe ba za su dawo ba. Yau akwai mai saye. Baɗi ko kyauta ka bayar ba mai karɓa."

Ya ajiye takardar. Sannan ya kira matarsa. "Leposava, miƙo min alƙalami."

"Ka dai karanta tukuna," in ji ta daga ƙofar kicin. Kuma Leposava muke ce mata, don matar kum a wurinmu kuma ake kiranta.

"In karanta takardar da kum ya kawo? So kike ki ba ni kunya?"

Ya sa hannu. Har da tambayata ko na ci abinci.

Suka tattara suka koma gidan gadon Kuma a ƙauye, a wancan ƙetaren kogi. Da hunturu cutar ta kama shi, ya sha da ƙyar, ta bar shi da raunin ƙafa, ga ciwon suga, ga yana ta fara rufe masa ido. Layin Dukawa kuwa ko shekara biyun bai jira ba. Aka fasa bango, aka sa gilashi tun daga ƙasa har sama. Inda shagon Kum yake aka buɗe wurin shan gahawa, a gefe kantin takalma, a bene ofisoshin yaran nan masu aiki da kwamfuta. Kuɗin haya ya ninka uku. Kamfanin ya ba ni kujera da ofis mai taga. Motar da nake kai Kum asibiti a ciki ma daga la'adar cinikin ta fito, kuma kullum sai ya shafa kujerar ya yaba laushinta.

Da a ce yana zagina da na fi samun sauƙi. Amma duk shekara, ranar bikin waliyyin gidansu, ga kyandir a kunne, ga baƙi cike da falo ana cin naɗin kabeji da gasasshen nama, sai ya zaro takardar nan daga walat ɗinsa. Har ta yi laushi don ninkewa.

"Ku duba nan," zai ce. "Arba'in da ɗaya! Ba don kum ɗina ba, da yanzu ina zaune a kufai ina ɗinka wa ɓeraye jaka. Yaron nan ya cece ni."

Baƙin ƙauye su tafa. Ni in yi murmushi. Daga baya sai ya ja ni gefe ya rage murya. "Yaya layinmu, Kum? Ko mutum ɗaya bai dawo ba?" In ce babu. Sai ya girgiza kai ya ce wani lokaci yakan ji kamar shi ya kashe layin da ya tashi, don shagonsu ne mafi daɗewa. Ni da bakina nake lallashinsa, ina ce masa ba laifinsa ba ne.

A biki na biyu Kuma Leposava ta tare ni a kicin tana zuba gahawa.

"Na shiga gari ranar Talata, Kum," ta ce ba tare da ta dube ni ba. "Na sha gahawa daidai inda teburin yankan fatarsa yake. Akwai tsada. Sai da na bi layi."

"Kuma, ki saurare ni..."

"Ba zan faɗa masa ba, kar ka ji tsoro. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Suga nawa?"

Tun daga ranar na zama mai kaza a aljihu. Ko tari Kum ya yi a mota sai gabana ya faɗi.

A bazarar shekara ta uku likita ta ce in ba a cire yanar nan kusa ba, idon zai tafi gaba ɗaya, ga layin masu jiran aiki ya kai wata goma sha takwas. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Smilya ba. A tsaye a ofishin likitar, abin da ya zo min a rai shi ne, makaho ba ya ganin gilashi. Tunanin bai daɗe ba, amma ya zo, kuma nawa ne. Kunyarsa ce ta sa a ranar na kai shi asibitin kuɗi na biya. Bayan sati biyu yana karanta lambar mota daga nesa yana dariya kamar yaro.

A wannan shekarar Smilya ta haifa mana 'ya, bayan shekara tara muna nema. Kum ya raɗa mata Zorka. Saura baftisma, kuma cocin da aka yi wa kakana da ubana da ni yana ƙarshen Layin Dukawa. Na yi ta kame-kame. Na ce cocin ƙauyensu ya fi kyau, ya fi iska, ƙafarsa ma za ta huta.

"Ƙafata ce ko taka?" ya ce. "Inda na riƙe ka, nan zan riƙe ta."

Sai na shirya dabara. Zan ɗauko su ƙarfe tara, in bi doguwar hanya, in shigo da su ta ƙofar bayan coci, in fitar da su ta nan. Ranar Asabar ɗin baftismar, ƙarfe takwas da 'yan mintuna, ina ɗaura lakataye, wayata ta yi ƙara. Kuma Leposava ce.

"Mun shigo bas," ta ce. "Ya ce yau ba ranar wahalar da kai ba ce. Kuma yana so ya ga layin da sababbin idanunsa, ya yi masa ban kwana yadda ya kamata." Ta rage murya. "Na yi iya yina, Kum."

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da shi a tsaye a ƙetaren shagon, cikin baƙar kwat ɗin da ya sa ranar aurena, ya dogara da sanda. Layin ya cika maƙil. Mata da kekunan jarirai, samari da kofunan takarda, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton bene, wani yana kaɗa goge a kusurwa. Kuma tana zaune a benci da jakarta a cinya, ta kau da kai.

Na matsa kusa. Leɓunansa suna motsi.

"Talatin da takwas," yake cewa. "Talatin da tara." Wata yarinya ta wuce da kare. "Kare ba ya ciki, ko? Arba'in. Arba'in da ɗaya."

Ya tsaya. Ya dubi agogon hannunsa.

"Minti huɗu," ya ce. "Sau uku ke nan ina maimaitawa, ko idon ne bai gama warkewa ba."

Ni dillalin da ya taɓa sayar da ofis mara taga da sunan wurin natsuwa, ga ni na rasa kalma ɗaya.

"Ranar da ka ƙirga, wace rana ce?"

"Lahadi."

"Wace Lahadi?"

"Ta kulle."

"Ka san za su dawo?"

Ina iya cewa ba wanda ya sani a lokacin. Gaskiya ce ga kowa, ban da ni. "Na sani," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai dube ni ba, jama'a yake kallo, kuma abin da ya fi kashe ni shi ne fuskarsa ba fushi kaɗai ke cikinta ba, har da murna. "Ashe yana raye," ya ce. "Shekara uku ina masa makoki. Shagon ka ci, na ji, duniya ce. Amma ka bar ni ina kwana da cewa ni na kashe layin ubana, kana kuma shafa min baya."

Ƙararrawar coci ta buga. Smilya da dangi suna can da jaririya. Na san in ya juya ya nufi tashar bas, ba wanda zai ce ya yi laifi, kuma abin da gidaje biyu suka riƙe tun zamanin kakanni ya yanke a hannuna, a gaban kowa.

Ya miƙa wa Kuma hannu ta tashi. Suka nufi coci, ni ina bin su a baya.

Ya riƙe Zorka kamar yadda aka ce ya riƙe ni. Ya amsa wa limamin coci duk abin da ake amsawa, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya yanke mata 'yar suma, ya sumbaci goshinta. Da muka fito 'yan kallo suka yi ta ihun da aka saba, "Kum, jakarka ta ƙone!" Ya zura hannu a aljihu ya watsa musu tsabar dinari har sau uku. A wurin walima ya ɗaga kofi ya yi wa yarinyar addu'a, ya kira ta 'yar ƙaramar kumarsa, ya ce muddin yana numfashi tana da mai tsaya mata. Smilya ta yi kuka don daɗi. Walat ɗinsa bai fito ba, kuma ko sau ɗaya bai juyo inda nake ba.

Da la'asar na kawo mota ƙofar gidan abincin, na buɗe masa gaba, inda ya saba zama. Ya wuce ni, ya buɗe baya da kansa, ya shiga kusa da matarsa, ya ɗora sandar a gwiwa.

Na tayar da mota. A mararraba na sa sigina zan bi ta tsakiyar gari, tunda ba sauran abin ɓoyewa.

"Kum," na ce, "ta nan ya fi kusa."

"A'a, Vukashin," ya ce. Tun da ya raɗa min sunan nan ban taɓa jin sa a bakinsa ba sai ranar. "Bi wadda ka saba."