Rufin A-kori-kurar Don Fermin

"Ku riƙe da kyau, kada wanda ya saki!" in ji Don Fermin, zarto a hannunsa. Mu huɗu muna tallafe da rufin a-kori-kurarsa, ni kuwa ƙuguna sai kuka yake.

Fermin maƙwabcina ne a garin Bakersfield na Amurka, dogo kamar falwaya. Ya haura saba'in, duk rayuwarsa burodi yake gasawa, bai taɓa riƙe abin walda ba. Da likita ya ce ciwon hantarsa ya fi ƙarfin magani, sai ya tubure. Wai tun yana saurayi yake kallon motoci masu gajeren rufi suna yawon Asabar a babban titi, kuma ba zai bar duniya ba sai tasa ta bi sahu.

Muka sauke rufin a kan ginshiƙan da ya datse. Ina! Gaba ya zauna, baya ya bar ratar da za ka zura hannu. Ƙofa ma ta ƙi rufuwa.

"Tsoho, ka tokare cikin motar da ƙarfe kafin ka yanka?" Lalo mai walda ya tambaye shi.

"Au, ana tokarewa?"

Matarsa Chayo, 'yar gajeruwa mai baki, ta dire farantin tamale, wani irin alalen masara, a kan taya. "Ya ɗauka burodi ne, ka yanka ka shafa man shanu ka manna. Ku ci, 'yan wahala."

Daga nan aikin ya zama na unguwa. Lalo ya raba rufin biyu, ya ƙara falle a tsakiya. Ni, Beto, aikina goge tsatsa da shan zagi. Fermin kuwa ƙarfi na ta raguwa, har ya koma kujera da bargo a cinya, amma bakin nan bai mutu ba.

"Beto, haka kake goge haƙoranka? Shi ya sa saura uku!"

Ran da aka gama, motar ta fito a kwance, kore shar, sai ƙyalli take. Muka kama shi zai shiga. Malafarsa ta daki rufin ta lotse. Ya cire ta, duk da haka sai da ya karkace wuya. Lalo ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai tsoho, da me ka auna?"

"Da Chayo. Na zaunar da ita, na ɗora tafin hannuna a kanta, na ja layi."

"To, kai fa?"

"Ni wurina baya, a miƙe. Can ba ruwana da rufi."

Chayo ta maka masa tsumman hannunta. "Bakinka ya sari ƙarfe!" Ta shige gida da sauri. Muka ci gaba da dariya, amma ni dai na kawar da kai, don ina son tsohon nan.

Bai kai Asabar ba. Ya cika a kujerarsa da hantsi, yana fuskantar gareji.

Bayan addu'a a coci, motar gawa na jira a ƙofa, Chayo ta ce su ƙara gaba. Muka ɗora akwatin gawar a bayan a-kori-kura, Lalo ya ɗaure shi da igiya. Ta ce maƙabarta ta jira, sai an bi babban titi tukuna. Masu yawon Asabar suka gan mu, suka riƙa biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba mai matsa oda.

Ni ke zaune a gefenta, wuya a karkace, lotsattsiyar malafar a cinyata. Chayo tana tuƙi a hankali, ta miƙe zam. Na saci kallonta. Tsakanin gashinta da rufin, tafin hannu guda ne.