Kiran Ranar Lahadi

Yarinyar tana wanke-wanke a bakin famfo sai ta tsaya cak, kumfa har gwiwar hannu, ta karkata kai wajen bango. Uwarta tana kan keken ɗinki, ta ga leɓɓanta suna motsi.

"Da wa kike magana, Auta?"

"Baba ne," in ji yarinyar, ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Baban nan an rufe shi tun kafin damina. Direban babbar mota ne, hatsari ya ritsa da shi a hanya lokacin Auta tana makarantar kwana, tsakiyar jarabawa. Dangi suka taru a falo suka ce kada a gaya mata sai ta gama. Sai dai duk Lahadi, ko yana ina, baban yakan kira wayar malamar da ke kula da ɗakinsu a miƙa mata. In bai kira ba, za ta gane.

Uwar ce ta kawo shawarar, ba kowa ba. Ƙanen mijin bakanike ne, muryarsu ɗaya sak. Ita kanta in ɗayansu ya yi sallama sai ta leƙa kafin ta san wanne ne. Baffan ya ƙi. Ya ce shi gyaran mota ya koya, ba wasan kwaikwayo ba. Ta yi ta kuka har ya karɓi wayar. Ta zauna dab da shi tana raɗa masa abin da zai ce: ya tambayi ko takalmin ya daina matsa mata, ya tsokane ta da tsoron kyankyaso. Duk ranar da ya yi kiran, ba ya iya cin abincin gidan.

Da Auta ta dawo hutu aka gaya mata rasuwar. Maganar waya kuwa babu wanda ya tayar. Ba ta yi kuka ba, ta tashi ta share ɗakin baƙi. Mutane suka yi ta yaba haƙurinta, uwar ma ta ji daɗi.

Daga baya ne barci ya ƙaurace wa yarinyar. Ta daina zuwa wajen ƙawaye, ta koma ɗaure kunnuwanta da ɗankwali. Maƙwabciya ta ce iska ce, kakarta ta ce a dage da addu'a. An dage. Uwar ita kaɗai take ganin ta san tushen abin: ta sa mamaci ya yi wa 'yarta magana a waya, ga shi yanzu ya ƙi yin shiru. Kuma in ta faɗi gaskiya, da wane ido yarinyar za ta sake kallon ta? Ita kaɗai ta rage mata a gidan.

Da ta kai ta asibiti, likitar ta fara ganin Auta ita kaɗai, sannan ta kira uwar. Ta ce kada ta firgita, yara kan ji irin wannan bayan babban rashi, balle wanda ya haɗiye baƙin ciki ga rashin barci. Ta tambaye ta ko akwai abin da ya faru lokacin rasuwar wanda ba a zancensa a gida. Uwar ta dubi fankar da ke ƙara a sama ta ce babu.

Kalmar ta bi ta har gida. Da la'asar suna zaune a tabarma suna warware ɗinkin wata riga da ta karkace, yarinyar riƙe da gefe ɗaya, ita da reza. Ta fara ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Auta, wanda ya riƙa kiran ki a makaranta..."

"Baffa ne. Na sani, Umma."

Rezar ta tsaya. Yarinyar ta ce tun Lahadin farko ta gane. Baba daga hanya yake kira, kullum ana jin ƙugin motoci da hayaniyar masu talla. Wannan kuwa tsit, sai jan hancin Umma take ji a gefe. Tun a lokacin ta san ba ya duniya.

"To me ya hana ki magana?"

"Na ji kuna ta ƙoƙari ne. Sai na ce masa Baba, ya yi wasa na yi dariya. In na ajiye wayar in shiga banɗaki in kunna famfo."

Uwar ta tambaye ta a hankali abin da muryar take ce mata. Ta ce magana ɗaya ce kullum: yaya aka yi ta san ya mutu, amma ta yi dariya?

Uwar ta ajiye rezar. Ta ce laifin nata ne, ita ta shirya komai, kuma gobe za su koma wajen likitar ta faɗa da bakinta. Yarinyar ta gyaɗa kai tana tsince zare daga rigar.

"Ba faɗan ne ya fi damuna ba, Umma," in ji ta. "In yana magana, ban san wanne nake ji ba. Shi ne, ko Baffa."

Uwar ta buɗe baki za ta gaya mata yadda ake bambance su. Ta lalubi muryar mijinta a ranta, ta daɗe tana lalube.