Gilashin da Ba Ya Sauka

Ni mai gidan burodi ne a Osasco, wani gari a gefen São Paulo, kuma tun ina saurayi na san mota abin kai kaya ce da mutane. Sai ga 'yata Jussara, likitar haƙori, wadda na yi zaton ta fi kowa hankali a gidanmu, ta zo mini da zancen wai za ta sayi motar shiga filin tsere.

Ba tseren gaske ba ne ma. Rana ce ake ware wa masu ƙoshi, kowa ya zo da motarsa ya yi ta zagaye fili kamar jakin niƙa, ba kofi ba kyauta, ya cinye tayoyinsa ya koma gida yana murna.

"Baba, kowa a hanya ɗaya yake tafiya, ba babur, ba bas. Ya fi titin gidanmu aminci," in ji ta.

"To ki zagaya falo mana, ya fi duka aminci."

Uwarta Cidinha ta ce in bi ta wurin dillali, tunda hana ta ba zai yiwu ba. Na bi ta. Muka tarar da abokinta Dênis yana jiranmu, wani dogo mai gemu kamar na bunsuru, sanye da takalman direbobin tsere alhali a tasi ya zo.

Motoci biyu ta ware. Duk irin ƙananan nan ne masu gutsurarren baya, waɗanda aka cusa wa injin da ya fi ƙarfin jikinsu. Ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya baƙa. Dênis ya rungumi ruwan ɗorawar kamar ƙanwarsa, ya kira ni da sunana.

"Seu Nivaldo, duba nan! Ba nauyi, giyar hannu, kwana take sha kamar an ɗaura ta a kan layin dogo."

Na ƙwanƙwasa ƙofarta. Gwangwanin madara ya fi ta kauri.

Dillalin ya lura da fuskata, ya ja ni wajen baƙar. Ya ce mai ita na farko ya sa mata sulke, ƙofofi da gilasai duka, harsashi ba ya ratsa ta. Na buga gilashin da zobena, na ji wani sauti mai nauyi da ya kwantar mini da rai. Duk wanda aka taɓa fasa wa gilashi a fitilar kan hanya aka ɗora masa bindiga a kunne, kamar yadda aka yi mini, ya san daɗin wannan sautin. A São Paulo wanda ya samu hali sulke yake sa wa motarsa kafin ya gyara rufin gidansa.

"Wannan za ki ɗauka," na ce.

"Baba, ba yaƙi zan je ba."

"Kawu, sulken nan kamar ta ɗauki ƙarti uku ne a baya kullum," Dênis ya sa baki. "Birki zai yi zafi."

"Kai da ka zo a tasi, wa ya tambaye ka?"

Na juya wajen Jussara na gaya mata gaskiyata. Abin da ya tare harsashi zai tare katanga. In ta shiga gwangwanin can, kowace Lahadi hawan jinina zai tashi, kuma ita za ta yi wa uwarta bayani a asibiti. Ta daɗe tana kallon ruwan ɗorawar. Sannan ta sauke numfashi.

"Na ji. Amma da sharaɗi, za ka zo ka kalle ni."

Kafin mu bar wurin Dênis ya riga ya fara cinikin ruwan ɗorawar wa kansa. Na ce a raina kowa da irin ajalin da ya zaɓa.

Ranar Lahadin muka kama hanyar Campinas da sassafe. Filin na bayan gonakin rake. Allah ya nuna mini abin kallo. Manyan mutane masu tumbi sun matse cikin rigunan tsere, suna durƙusawa gaban tayoyi suna shafa su kamar masu duba mara lafiya. Wani lauya yana cire kujerar baya da tabarmin ƙafa don motarsa ta yi sauƙi, a hannunsa kuwa sanwicin naman alade da ya kai girman kansa. Kowa na ba kowa shawara, ba mai sauraron kowa.

Kafin a shiga sai an duba kowace mota. Mai shirya taron da kanta take dubawa, wata hamshaƙiya mai suna Dona Marlene, da gilashin rana a ka da 'yar guduma rataye a ƙugu. Ta leƙa tayoyinmu, ta ja bel, sannan ta ce, "'Yata, sauke gilashi."

Jussara ta danna. Gilashin ya sauko kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya.

"Har ƙasa."

"Iyakarsa ke nan."

Dona Marlene ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar gudumar, ta ji sautin nan da nake ƙauna, ta kwashe da dariya har mutane suka taru.

"Mai sulke! Wane gwanin ne ya zaɓo miki wannan?"

"Ni ne," na ce. "Ubanta. Ina laifin?"

"Kawu, nan ba a fashi. Nan kifewa ake yi. In ta kife ƙofa ta maƙale, wuta ta tashi, yarana da wannan gudumar suke fasa gilashi su jawo mutum. Wannan kuwa sai mu kwana muna bugu. Akwatin banki ka saya wa 'yarka, ka sa ta ciki. Ba za ta shiga filina ba."

Na kalli Dênis, sarkin sani, wanda ya cika ni da zancen birki amma bai san wannan ba. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

Dariyar da suka yi mini ba ta dame ni ba. Daɗi ma na ji. Na dafa kafaɗar Jussara na ce, "To shi ke nan, haka Allah ya so. Mu koma, uwarki ta ɗora wake da nama."

Ba ta ko kalle ni ba. Hannu kawai ta miƙa wa Dênis, shi kuma sakaran ya jefa mata makullin ruwan ɗorawar.

"Jussara!"

"Ka yi alkawarin kallo, Baba. Ga inuwa can."

Ta sa hular kwano ta shige gwangwanin. Da suka tashi, ƙarar ta cika mini kunne, na gudu na shiga baƙar na rufe ƙofa. Shiru kamar kabari. Ina ganin ƙura na tashi a kwanar can nesa, ban san ko ta wuce lafiya ba, ban jin komai. Na danna gilashi don in saurara, ya sauko faɗin tafin hannu ya tsaya yana kallona. Na fito da sauri na tafi bakin shinge, na tsaya cikin rana tare da mahaukatan, ina ƙirga wucewar abu ruwan ɗorawa har aka ɗaga tuta.

Ta fito jiƙe da gumi, tana dariya irin wadda rabona da ganinta tun tana 'yar firamare. Ban ce mata ta yi ƙoƙari ba, don ba ta yi ba. Zagaye ne kawai.

Yanzu sun daidaita ita da Dênis ta wata hanyar da ban gane ba, ruwan ɗorawar ta zama tata, baƙar kuma ta dawo ƙofar shagona. Da ita nake kai burodi otal-otal, burodin da ya fi kowane burodi tsaro a Osasco.

Kafin mu bar filin ran nan, na bi Dona Marlene har rumfarta. Ta ɗauka faɗa na zo yi.

"Gudumar nan," na ce, "a ina ake sayar da ita?"

Guda biyu na saya. Ɗaya na ɗaure ta kusa da giyar motar Jussara. Ɗayar tana aljihuna duk Lahadin da suke wannan shirmen, ina bakin shinge.