Iskar Keken Illo

A zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a Dogon Dutsi, akwai wani komi, wato akawu, a ofishinsa mai suna Illo, mutum mai sanyin hali wanda bai nemi abu mai yawa a duniya ba. Burinsa shi ne ran Lahadi da safe ya hau kekensa ya kama hanyar Tibiri, ba wurin kowa za shi ba, ba kuma saƙon kowa ya ɗauko ba. Wannan ɗan abin ne mutanen Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsin, suka kasa ba shi.

Lokacin ɗari ya fi so. An gama girbi, shanun Fulani na kiwo cikin kara, gawo ya yi kore shar shi kaɗai a busassun gonaki. Illo kan naɗe kunnuwansa da mayafi, ya zura tsohuwar kwat, yatsunsa na ƙandarewa, yana taka feda yana jin daɗin da bai san yadda zai faɗa wa kowa ba.

Sai dai a ƙasar nan duk wanda ya kama hanya ya zama ɗan aiken kowa. In ya ce shan iska za shi, sai a dube shi da tausayi, don wa ke neman iska cikin wannan sanyi? Daga nan a miƙo ƙullin daddawa. Wadda ta fi kowa iya wannan aiki ita ce Ladidi, wata tsohuwa a wani ƙauye da ke bakin hanyar. Ko ƙararrawa bai kaɗa ba, sai ya tarar da ita tsaye da kayanta da igiyarta.

Wata Lahadi ta tare shi da ƙwaryar man shanu da damin rama, na ɗiyarta da ke aure a Tibiri. Ran Illo ya ɓaci.

"Inna, wanga ba jaki na ba," in ji shi. "Iska ce ciki, ita ka ɗauke da shi. In kaya sunka yi yawa sai ta hita."

Ladidi ta ja da baya. A Arewa in ka ce iska, ba kowa ke tuna abin da ke kaɗa ganye ba. Akwai waɗanda hankalinsu ke tafiya wurin doguwa da 'yan uwanta, masu zama a kuka da duwatsu.

"Mushe, kai kas sa ta ciki?" in ji ta, don haka ake kiran ma'aikatan Faransawa.

"Ni dai. In ta rage, da wanga nika ƙara ta." Ya nuna famfon da ke maƙale a jikin keken.

Ya ga yadda ta riƙe baki, ya kuma gane sarai inda tunaninta ya nufa. Kalma guda ta isa ta gyara zancen, amma ya haɗiye ta. Ran nan ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba. Keke sakayau, ya hau tudu ya tsaya, ya hangi giginyun kwari da hayaƙin ƙauyuka yana tashi miƙe. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce ai ya samo maganin Ladidi.

Kafin tsakiyar mako labari ya cika Dutsi. Matarsa Mariama ma ta ji. Ta dai fitar da keken zuwa zaure, ta turara ɗaki, sannan ta faki idonsa ta cire famfon ta jefa a tsohuwar rijiyar bayan gida, tunda da shi ake kiran abar.

Lahadi ta zagayo. Illo ya nemi famfo sama da ƙasa, Mariama ta ce ita ba ta taɓa kayan maza. Ya matsa tayoyi ya ji su tauri, ya ce wannan ba zai hana shi fita ba.

Tun daga nesa ya jiyo goge. Da ya iso ƙauyen su Ladidi ya tarar an cike hanya, maza da mata lulluɓe da barguna, an shimfiɗa tabarma a tsakiyar titi. Tukur, babban 'yan borin ƙauyen, ya matso riƙe da farar kaza. Ba Illo ya gaisar ba, tayar gaba ya durƙusa wa.

"Mun zo gaida baƙuwa," in ji shi. "Shekara nawa tana ratsa garinmu ba mu sani ba. A hwaɗa muna sunanta da abin da taka ci."

"Baba, ba ta da suna. Iska ce irin wadda muka shaƙa, ni da kai."

Tukur ya gyaɗa kai, irin na wanda ya saba da masu ɓoye sirri. Wata mata ta kawo jaririnta mai tari a shafa masa taya. Wani yana so a tambayar masa daminar baɗi. Illo ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ya kawo misalin zugazugin maƙeri, ya rantse. Duk rantsuwar da ya yi, sai mai goge ya ƙara ƙaimi. Rana kuwa tana ta ɗagawa, sanyin safiyar da ya jira mako guda yana tsiyayewa a banza.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya tsuguna ya kwance bakin tayar gaba, ya koma ta baya ya kwance, don kowa ya ji da kunnensa cewa babu komai ciki.

Iskar ta fito da dogon tsaki. Goge ya tsaya, mata suka rufe fuskokin 'ya'yansu. Tukur ya bi sama da ido a hankali har bayan gawon bakin gari.

"Ta hita," in ji shi. "Ta yi yamma. An ɓata mata rai."

Illo ya kai hannu inda famfo ke zama, ya taɓa ƙarfe tsirara. Sai a lokacin ya tuna. Babu wani famfo a Dutsi da ya dace da kekensa, sai an aika Yamai, kafin ya iso kuwa ɗari ya wuce, bazara ta shigo da zafin da ba a hawan keke cikinsa.

Ladidi ce ta fara matsowa, fuskarta cike da murna, igiya a hannu.

"Sannu, Mushe, keke ya samu lahiya. Tunda da ƙasa za ka koma Dutsi, ga gujiya ka miƙa ma ƙanwata, bayan kasuwa take."

Illo ya riƙe mata keken. Ta ɗaure buhun tamau, wasu suka ƙaro nasu, Tukur ya rataya farar kazar a ƙahon keken don kada sadaka ta koma gida. Illo ya cire mayafin kunnensa, tunda rana ta riga ta yi zafi, ya juya ya fara turawa cikin yashi.